Sunan Alƙalami: Asalin Kalmar da Darasin Jos Kan Rubutun da Ba Shi da Uba

Da a ce ranar 20 ga Yuni, 2015, gidajen rediyo sun sanar da cewa Allah ya yi wa Adamu Wayya rasuwa a Jos, suka yi shiru daga nan, da ƙalilan ne za su fahimci girman rashin da aka yi. Sai da aka ce Ɗan Maraya Jos ne ya rasu, sannan direbobi a tasha da mata a ɗakunansu da manyan ma'aikata a Abuja suka yi salati. An haife shi a Bukuru a 1946. Mahaifinsa makaɗin fada ne, ya rasu yaron na jariri, ba a jima ba mahaifiyar ma ta bi shi, sarkin garin ya ɗauke shi ya riƙe. Daga wannan maraici laƙabin ya fito, shi kuma ya rungume shi, ya haɗa shi da sunan birnin da ya zauna, ya kai shi duniya da ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya.

Duk babban jami'in da ya taɓa yin kwas a Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabaru ta Ƙasa da ke Kuru ya san Bukuru, domin ta nan ake ratsawa a shiga Jos. Labarin wannan maraya na Bukuru ƙofa ce mai kyau ta shiga wata tambaya da ta shafi teburin ma'aikaci kai tsaye: me ake nufi da sunan alƙalami, daga ina kalmar ta zo, kuma ina iyakar kariyar da irin wannan suna yake bai wa mai shi?

Kalmomi biyu, tafiya biyu

Sunan alƙalami shi ne sunan da marubuci ya zaɓa ya riƙa sa wa rubutunsa a maimakon sunan yanka. Kalmomi biyu aka haɗa, kowace da tarihinta.

Suna kalma ce ta gado. Masana harshe na ganin tushenta ya kai ga uwar harsunan dangin Cadi, har suna danganta ta da ism ta Larabci da shem ta Ibrananci, a matsayin 'yan kaka ɗaya da suka rabu tun da daɗewa.

Alƙalami kuwa baƙo ne da ya zama ɗan gari. Daga al-ƙalam ta Larabci ya zo, tare da al ɗin da ke gabansa, kamar yadda ya faru da alƙali da albasa da aljihu da almakashi. Larabawa ma, a ra'ayin mafi yawan masana, aro suka yi daga kalamos ta Girkanci, wadda ke nufin karan da ke fitowa a bakin ruwa, irin wanda ake feƙewa a yi rubutu da shi. Kalmar ta yi nisan zango: Turkawa na cewa kalem, masu Suwahili na cewa kalamu, kuma sura ta 68 a Alƙur'ani da ita aka yi mata suna. A makarantar allo har gobe ma'anar farko ba ta gushe ba, domin daga karan gamba ko sillen kara almajiri ke feƙe alƙalaminsa. Bahaushe ya ƙara wa kalmar aiki: jam'inta, alƙaluma, shi ne lambobin lissafi, shi ya sa ake maganar alƙaluman kasafin kuɗi, in kuma aka ce alƙalami ya bushe, to magana ta ƙare.

Haɗin kalmomin biyu shi ne sabon abu. Fassara ce ta zamanin boko daga pen name ta Ingilishi. Ita pen ɗin daga penna ta Latin take, wato gashin tsuntsu, domin da gashin dinya Turawa ke rubutu kafin a ƙera bakin ƙarfe. A ƙarni na 19 Ingilishi ya fara amfani da nom de plume, wadda ke da kamannin Faransanci amma a bakin Turawan Ingila ta yi tashe. Su Faransawa abin da suka gada shi ne nom de guerre, sunan yaƙi, wanda ake laƙaba wa soja idan ya shiga runduna. Akwai kuma pseudonym daga Girkanci, ma'anarta kai tsaye sunan ƙarya. Larabawan yau na cewa ism musta'ar, wato sunan aro.

Kowace al'umma da inda ta sa ido. Girkanci ya dubi ƙaryar, Larabci ya dubi aron, tsohon Faransanci ya dubi fagen fama. Hausa da Ingilishi suka jingina sunan ga kayan aiki, kamar dai a ce sunan na alƙalamin ne, mai riƙe da shi yana gefe.

Abin da Bahaushe ya riga ya mallaka

Tun kafin boko, Hausa na da kalmomi da dama na suna na biyu. Akwai laƙabi, daga laƙab ta Larabci, wanda jama'a ke manna wa mutum saboda kama ko hali ko sana'a ko wani abu da ya same shi. Larabawa sun yi haka da manyan marubutansu: al-Jahiz, wanda sunansa Amru ɗan Bahar, ya samu laƙabinsa ne saboda fitowar idanunsa. Akwai alkunya, daga kunya ta Larabci, wato kiran mutum da Abu wane ko Ummu wane. Da ta iso ƙasar Hausa sai ta tarar da kalmar kunya ta gida, sauti ya yi kama, al'ada ma ta dace: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, mace ba ta kiran sunan miji, yaron da aka mayar wa sunan kakansa sai a ce masa Abba ko Baba. Akwai inkiya, wadda ke nuni ba tare da fayyacewa ba. Akwai sunan rana, irin su Ɗanladi da Talatu da Asabe. Shi kansa Fodiyo da ke cikin sunan Shehu Usmanu laƙabin mahaifinsa ne, ma'anarsa malami da Fulatanci.

Abin lura shi ne duk waɗannan sunaye ba su ɓoye mutum daga idon jama'a. Unguwa ta san wanda ake nufi da Abba, ta san gidansu. Ɗan Maraya bai taɓa sakaya fuskarsa ba. Duk wanda waƙarsa ta yi wa zafi ya san inda zai same shi a Jos. Haka 'yan bayansa da birnin ya rena, irin su Jude Abaga da ake kira M.I da Panshak Zamani da ake kira Ice Prince: sunan dandali ne, fuska a buɗe.

A fagen rubutu ma al'adar ta fi karkata ga bayyana kai. Marubutan waƙoƙin ajami da na boko da yawa sukan rufe waƙa da baitin da ke faɗin sunan mai ita da garinsu, wani lokaci har da shekarar da aka yi ta cikin ramzi, wato lissafin haruffa. Mawaƙan Farisa da na Urdu suna da makamancin haka, suna kiransa takhallus: mawaƙi ya zaɓi suna ya saka shi a baitin ƙarshe, kamar yadda Mirza Asadullah Khan na Dalhi ya shahara da Ghalib. Nan ma sunan hatimi ne na mallaka, mai shi na alfahari da shi.

Lokacin da jarida ta zo da mayafi

Injin buga takarda ne ya yaɗa sunan da ke sakaya marubuci daga mai karatu. Dalilan sun bambanta. A Ingila, 'yan'uwa mata uku na gidan Bronte sun fitar da littafin waƙoƙinsu a 1846 da sunayen Currer da Ellis da Acton Bell, don kada a raina aikin saboda na mata ne. Mary Ann Evans ta zama George Eliot saboda irin wannan dalili. A Masar, Aisha Abdurrahman ta yi rubutu da sunan Bintush Shaɗi, wato 'yar bakin gaɓa, don kiyaye martabar gidan malamai da ta fito. A Amurka, tsakanin 1787 da 1788, Alexander Hamilton da James Madison da John Jay sun rubuta maƙalu 85 na kare sabon tsarin mulki, duka da suna ɗaya, Publius, don a auna hujja a bar duban mai ita.

Jaridun Nijeriya sun ɗauki salon da hannu biyu. A Legas, Peter Enahoro ya yi tashe da Peter Pan a Daily Times, Alade Odunewu da Allah-De, Sam Amuka da Sad Sam. Bisi Onabanjo, mai rubutu da Aiyekooto, da Lateef Jakande, mai rubutu da John West, duk sun zama gwamnoni a 1979. A Kaduna, jaridar New Nigerian da aka fara bugawa ranar 1 ga Janairu, 1966, ta ƙirƙiro shafin Candido na ranar Laraba, mai ɗauke da zanen mutum da fuska a rufe. Ba hannu ɗaya ke rubuta shi ba. Manyan gidan ne ke karɓa-karɓa, a gidan da Adamu Ciroma da Mamman Daura da Turi Muhammadu suka yi edita ɗaya bayan ɗaya. Jaridar ta gwamnati ce, amma shafin ya yi suna wajen yi wa masu mulki da manyan ma'aikata shaguɓe da hannunka-mai-sanda. Jos ta samu nata dandali a 1972, lokacin da gwamnatin Jihar Binuwai da Filato ƙarƙashin Joseph Gomwalk ta kafa The Nigeria Standard, inda Dan Agbese ya yi edita kafin ya shiga sahun waɗanda suka kafa mujallar Newswatch.

A duk waɗannan gidaje ƙa'ida ɗaya ce. Mai karatu zai iya rasa sanin marubuci, amma edita ya san shi. Wasiƙar da mai ita ya roƙi a sakaya sunansa, dole cikakken suna da adireshi su isa teburin edita. Sunan jaridar da na mai buga ta da inda ofishinta yake duk suna jikin takarda. In aka ci mutuncin wani, ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa da wanda zai maka a kotu. Wani lokaci kuma gidan ne ke biyan farashin riƙe amana. A watan Yulin 1984, ƙarƙashin dokar soja mai lamba 4, an ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar The Guardian shekara guda kan labarin naɗin jakadu, bayan an matsa musu su faɗi majiyarsu sun ƙi.

Wannan ita ce iyakar da ta raba sunan alƙalami da sunan bogi. Na farko yana da mai lamuni a bayansa, yana kuma da mutuncin da ya tara mako bayan mako, wanda ƙarya ɗaya za ta iya zubarwa. Na biyu na yini ɗaya ne, an yi shi don a yi jifa a ɓoye hannu.

Takardun da ba su da uba

Jos ta ɗanɗani bambancin nan da jini. A makonnin da suka gabaci 7 ga Satumba, 2001, an yi ta ja-in-ja kan naɗin jami'in shirin yaƙi da talauci na Gwamnatin Tarayya a Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa. Rahoton da ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar a watan Disamban wannan shekara ya nuna yadda takardun barazana da na tunzura jama'a suka riƙa yawo daga ɓangarorin biyu kafin abin ya fashe. Cikin kwana shida, rahoton ya ce, an yi asarar rayuka kimanin 1,000. A rikicin Janairun 2010 kuma, wayar hannu ce ta maye gurbin takarda: saƙonnin tes na jita-jita da tsoratarwa suka riƙa shiga aljihun mutane, kowa na turawa gaba ba tare da ya san inda suka samo asali ba. A 2018 wani binciken BBC ya nuna yadda hotunan ƙarya da aka yaɗa a Facebook suka ƙara rura wutar kashe-kashen watan Yuni a Filato.

Rikicin Jos yana da saiwoyi masu zurfi: gardamar ɗan ƙasa da baƙo, rabon muƙamai, ƙasar noma da kiwo, siyasar ƙananan hukumomi. Takarda ko saƙon waya ba su ne suka shuka su ba. Amma magana zarar bunu ce, kuma wadda ba ta da uba ta fi wuyar mayarwa, domin babu wanda za a je wa a ce ya janye, babu wanda za a tsayar ya kawo hujja. Birnin da ya ba duniya Ɗan Maraya, wanda ya faɗa wa mai kuɗi da talaka gaskiya da fuskarsa a fili, shi ne kuma ya ga abin da ke faruwa idan murya ta rabu da mai ita.

Ma'aikaci da alƙalaminsa

Babu wanda batun ya shafa kamar ma'aikacin gwamnati, domin shi aikinsa gaba ɗaya a kan sakaya suna aka gina shi. Yana rubuta takarda ta fita da sunan minista, yana sa hannu a madadin Babban Sakatare. Yabo da zargi duk na mai muƙamin siyasa ne. Hadimin da ke tsara wa maigidansa jawabi ya ma fi haka: nasa alƙalamin ne ke aron sunan wani. Wannan halas ne, tunda mai sunan ya karanta, ya amince, kuma shi zai amsa tambaya.

Matsala na farawa ne idan ma'aikaci ya ga ɓarna ko ya cika da takaici, ya yi tunanin fakewa da wani suna. Tarihi na da irinsa. A 1947 George Kennan, babban jami'i a ma'aikatar harkokin wajen Amurka, ya buga maƙala kan yadda za a tunkari Tarayyar Sobiyet a mujallar Foreign Affairs da harafin X kaɗai. Ba a jima ba aka gano shi. Mohammed Moulessehoul, hafsan sojan Aljeriya, ya yi shekaru yana fitar da littattafai da sunan matarsa, Yasmina Khadra, don kauce wa tacewar rundunar, sai a 2001 bayan ya tuɓe kaki ya bayyana kansa. Miles Taylor, wanda ya soki gwamnatin da yake yi wa aiki a New York Times a 2018 ba tare da suna ba, ya fito fili a Oktoban 2020.

A Nijeriya, Ƙa'idojin Aikin Gwamnati sun riga sun toshe wannan kafa. Bugun 2008 ya hana jami'i, in ba da izinin Babban Sakatare ko shugaban hukumarsa ba, ya buga wani abu da za a iya ɗauka na siyasa ne ko na harkar gudanar da mulki, ko da sunansa ko a sakaye. Ƙofar da ƙa'idar ta bari a buɗe ita ce ta rubutu kan sauran fannoni, da sunan mutum na gaskiya. Sauya suna ba ya sauya hukunci. Ga kuma Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 tana nan daram.

Amma doka ba ta bar mai gaskiya a rana ba. Sashe na 27 na Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ya ba da kariya ga jami'in da ya bayyana abin da yake da dalilin ganin keta doka ne, ko almubazzaranci da dukiyar jama'a, ko zamba, ko amfani da muƙami ba bisa ƙa'ida ba, ko haɗari ga lafiyar jama'a. A Disamban 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta ƙaddamar da tsarin kwarmata bayanai, wanda ya yarda mutum ya kai rahoto a sakaye, ya kuma yi alkawarin tukuicin kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na abin da aka ƙwato. Tsari ne na ɓangaren zartarwa, ƙarfinsa bai kai na dokar Majalisa ba, don haka mai shiga wannan hanya yana buƙatar hujja a hannu da shawarar lauya. Duk da haka hanya ce mai ƙofa da mai gadi, ta bambanta da buɗe shafin bogi.

Wanda kuwa ke jin shafin bogi mafaka ne, zamani ya wuce shi. Tun Disamban 2020 aka wajabta haɗa layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, kuma Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta haramta sojan gona. Ko ba wannan, hali zanen dutse ne, salon rubutu ma haka. A 1996 nazarin salo ya taimaka wajen gano cewa ɗan jarida Joe Klein ne ya rubuta littafin Primary Colors. A 2013 an yi amfani da manhajar kwamfuta wajen ƙarfafa zargin cewa Robert Galbraith ba kowa ba ne face J.K. Rowling. Hadimin da ya rubuta maƙalar yabon maigida ko ta zagin abokin hamayya da sunan wani da bai wanzu ba, abokan aikinsa da suka saba karanta takardunsa su ne farkon masu gane shi. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ga mai rubutun adabi kuwa, labari ko waƙa ko wasan kwaikwayo, doka ta san da zaman sunan alƙalami. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta ba aikin da aka fitar da sunan aro ko babu suna kariyar shekara 70 daga shekarar fitowarsa. In an san ko wane ne marubucin, lissafin ya koma shekara 70 bayan rasuwarsa. Marubuta mata da yawa da ke fitar da labaran Hausa a Wattpad da WhatsApp da inkiya, don gudun tsegumin dangi ko na gidan miji, wannan ya shafe su. Wadda ba ta bar wata shaida da ke haɗa inkiyarta da sunanta na gaskiya ba, ta sa magadanta cikin wahalar tabbatar da gadonsu.

Hausawa na cewa suna linzami ne. Karin maganar bai ware sunan yanka daga na aro ba. Duk sunan da mutum ya hau, da shi za a ja shi. Adamu Wayya ya hau nasa shekaru da dama, ya karɓi lambobin girmamawa na ƙasa da shi, aka kuma yi masa jana'iza a Jos da shi. Kafin ma'aikaci ko hadimi ya zaɓi wani suna ya ɗora a kan rubutunsa, tambayar da editocin dā ke yi tana nan da amfaninta: in aka zo neman wanda ya rubuta wannan, wa zai fito ya ce shi ne?